Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Riƙe da Ilimin Firamare a Jihar Kaduna: Me Ya Rufe Bakin 'Yan Aji Uku?

Zuwa ga Mai girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kaduna, da Shugaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, wato SUBEB.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Allah ya taya ku riƙon amana, ya sa ku sauke lafiya.

Ranku ya daɗe, ni tsohuwar malamar firamare ce da ta ajiye alli, yanzu aikina kai jikoki makaranta da ɗauko su. Na rubuto ne da yawun wasu iyaye da kakanni, Musulmi da Kirista, mazauna Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Kabala, waɗanda yaranmu suke tsakanin ajin share fage da aji uku a makarantun gwamnati. Mu ba ƙungiya ba ce, ba mu da ofis balle hatimi. A ƙofar makaranta muke haɗuwa muna jiran a kaɗa ƙararrawa, kuma a nan maganar ta yi ta dawowa har aka ce mini, “Malama, tunda ke kin san gidan, ki rubuta musu.”

Ga abin da ya dame mu. Yaro yakan shiga makaranta yana ɗan shekara biyar bakinsa ba ya hutawa. Me ya sa wata yake bin mu in muna tafiya? Ina ruwan jikin wanki yake zuwa in ya bushe? Don me ƙadangare yake gyaɗa kai? Kafin ya gama aji uku duk wannan ya mutu murus. Ya iya miƙewa ya gaida malam, ya iya kwafe allo tsaf, amma a ce “akwai mai tambaya?” sai ya sunkuyar da kai. A makaranta ana ce wa wannan natsuwa. Mu asara muke ganinta, kuma tunda a cikin aji take faruwa, gare ku ya dace mu kawo kuka.

Ba mu rufe ido ga abin da aka yi ba. Mun ga azuzuwan da aka gyara, mun ga kujeru a inda da can ƙasa ce wurin zama. Muna nan a 2017 lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, 21,780 suka kasa kai maki 75 cikin ɗari, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan mataki, ba shi ya kawo ni ba. Iyakar abin da zan ce, jarrabawar ta auna abin da malami ya sani, amma har yau ba mu ga ma'aunin abin da yake yi ba in yarinya 'yar shekara shida ta ɗaga hannu ta tambaye shi abin da babu a littafi.

Kukanmu na farko, darasin kimiyya ya koma darasin kwafe. Manhajar ƙasa ta sa darasin Kimiyya tun daga aji ɗaya, yana nan a jadawali ba a cire ba. Amma ku shigo aji ba da sanarwa ba ku gani. Malama ta jera abubuwa masu rai da marasa rai a allo, yara sun kwafa, an rera sau uku, an tashi. Ana karanta sassan tsiro, ga darbejiya a bakin taga, ga tafasa ta cika bayan aji, amma ba wanda ya tsinko ganye ɗaya ya shigo da shi. In ka tambaya, sai a ce ba a kawo kayan aiki ba.

Wannan uzurin nake so ku taya mu kashewa, domin kimiyyar ɗan aji biyu tana cikin madafin uwarsa. Wata rana na tara jikokina da 'ya'yan maƙwabta a tsakar gida, na dafa zoɓo ba sukari, na raba a kofunan tangaran farare. Ɗaya na bar shi yadda yake. Na biyu na ce wata ta matsa lemon tsami, ya ƙara haske ya yi jawur. Na uku aka ɗiga ruwan kanwa, nan take ya rine ya yi duhu, ya koma kore-kore. Wuri ya yi tsit, sai kuma ihu. Daga nan darasin ya fita daga hannuna. Wani ya ce a gwada ruwan toka, wata ta ruga ta jiƙo tsamiya, wani ƙaramin da ko magana bai cika yi ba ya ce, “Goggo, in aka zuba lemon a kan na kanwar zai dawo ja?” Aka yi ta matsawa, ya yi kumfa, ya dawo. Yaron nan bai san sunan sinadarin da yake ba zoɓo launi ba, kuma ba ya buƙatarsa yanzu. Amma ya yi zato, ya gwada, ya ga abin da ya fito, wanda shi ne ake koya wa ɗaliban jami'a a Samaru da manyan sunaye.

Haka randa. Kowace yarinya ta san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, ta kuma ji ana cewa sabuwa ta fi tsohuwa. Dalilin bai fi ƙarfinta ba: jikin randa yana da ƙofofi mitsi-mitsi, ruwa yana tsatsafowa, iska ta busar da shi, kuma ruwa ba ya bushewa sai ya kwashi zafi ya tafi da shi, yadda gumi yake yi wa jikinmu. Shi ya sa sanyinta ya fi yawa da rani, lokacin da iska take a bushe, ya ragu da damina, ya kuma ragu in ta tsufa ƙofofin suka toshe. Da wannan sanin ne wani malami ɗan Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai kayan miyan da suke lalacewa cikin kwanaki suka riƙa kai makonni ba lantarki. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex a kan wannan aiki. Yau yaro zai iya gama aji shida a Kaduna bai ji sunansa ba, ba a kuma taɓa sa shi ya shafa bayan randa an tambaye shi me ya sa take a jiƙe ba.

Ko sanda ɗaya da aka kafa a filin makaranta darasi ce ta shekara guda. Yara su riƙa zana inda inuwarta ta tsaya da safe, da hantsi, da lokacin tashi. A nan Kaduna sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai tsakiyar ka, wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, kuma da misalin sha biyu da rabi sandar da ta miƙe sosai takan kusa rasa inuwa gaba ɗaya. Iyayenmu da inuwa suke gane shigar azahar da la'asar tun ba a san agogo ba. Wane kwangila ake jira kafin a kafa sanda?

Kuka na biyu ya fi yi mana ciwo, shi ne yadda tambaya ta zama rashin kunya. Ɗan maƙwabciyata, ɗan aji biyu, ya kamo talibambam a kududdufi da damina, ya zuba a gorar ruwa ya tafi da su makaranta yana ɗoki, so yake ya ji ko kifi ne. Ba zan faɗi makarantar ba. An sa shi ya juye su a kwata, aka zane shi a gaban aji wai ya kawo ƙazanta. Da an ajiye gorar nan a bakin taga, ana canja ruwa, da ajin gaba ɗaya sun ga ƙafafun baya sun fara fitowa, sannan na gaba, wutsiya tana raguwa har ya zama kwaɗo. A maimakon haka yara da yawa sun koyi darasi ɗaya a ranar: kada ka kawo abin da ba a ce ka kawo ba. Uwarsa ta ce tun daga nan bai ƙara tsinto komai ba.

Ban ɗora wa malamar laifin ita kaɗai ba, don na tsaya inda take tsaye. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A makarantun unguwanninmu ajin da ya ninka wannan ba abin mamaki ba ne, wani ma ya ninka sau uku. Mai riƙe da irin wannan taro shiru yake nema kafin komai. Ga kuma tsoro: malami da yawa gani yake in ya ce “ban sani ba” girmansa ya zube, don haka gara ya kashe tambayar tun ba ta fito ba. Jami'an da kuke turowa duba makarantu kuwa, rajista suke buɗewa da littafin tsara darasi, su ga ko an kai inda manhaja ta ce. Malamar da ta fita da yara bayan aji suna tonon saiwa tana iya shan faɗa don littafin yaranta ba rubutu a ranar. Wadda ta cika allo kuma a yaba mata. Duk ma'aikaci abin da ake dubawa yake yi.

Mu ma iyaye muna da namu kason, ba mu ɓoye ba. “Yi mini shiru” ta fi kowace amsa yawa a gidajenmu, sai “aljanu ne”. Na san yarinyar da ta ga tartsatsi a jikin bargo da daddare cikin hunturu, ta tambaya, aka ce mata mutanen ɓoye ne, ta ƙi rufa har sanyi ya wuce. Alhali bushewar iska ce da gogayyar zare suke tara ɗan ƙaramin lantarki, irin wanda za ta iya haɗawa da kanta in ta goga biro a gashinta ya ɗauki yagaggiyar takarda. Amma uwar da ta ce aljanu ne, ita ma ba a taɓa gaya mata ba. In gida bai sani ba, makaranta ma ta yi shiru, ina yarinyar za ta ji?

Kada a ɗauka wannan maganar nishaɗin yara ce kawai. Ba shekarar da za ta wuce ba mu ji iyalin da suka kwana da janareta a cikin gida, ko garwashi a ɗaki a rufe saboda sanyi, aka wayi gari da gawarwaki ba. Yaron da aka kifa wa kwalba a kan kyandir ya ga wutar ta mutu ya san wuta iska take ci, kuma zai fahimta in aka ce masa in iska ta yi mata kaɗan takan fitar da guba marar wari marar launi. Yaron da ya ɗebo ruwan tsohuwar taya mai 'yan tsutsotsi masu wutsil-wutsil, aka rufe bakin kwalbar da guntun gidan sauro, ya ga sauro ya fito bayan 'yan kwanaki, ba sai an yi masa tallar rediyo zai kifar da gwangwanayen bayan gida ba. Wanda aka koya wa ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya, don haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, ya san lokacin da hadari ya matso, ya san ba a fakewa gindin bishiya. Irin waɗannan darussa ne suke bin yaro har gida su gyara manya.

Sai maganar harshe, wadda na san tana da zafi. Tun manufar ilimi ta 1977 aka rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa, kuma tun daga nan ake ta kai da komo a kanta. Ba mu ce a rage Turanci ba, muna so yaranmu su iya shi fiye da mu. Amma yaron da aka hana buɗe baki sai da harshen da bai mallaki kalma ɗari a cikinsa ba, an hana shi tambaya ne a fakaice. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ife, aka koyar da yara komai da Yarbanci har shekara shida, da lissafi da kimiyya, Turanci kuma aka ba shi darasinsa da ƙwararren malami, kuma yaran ba su zama koma-baya a Turancin ba. Ko wace manufa ce take ci a Abuja, ba abin da zai hana ku ce wa malaman jiha: yaro ya yi tambayarsa da Hausa, ko Gbagyi, ko Jju, ko Tyap, ko Fulatanci, a yi masa bayani ya gane, sannan a ba shi sunan abin da Turanci.

Abin da ya fi ba ni takaici, garin nan ba matalaucin ilimi ba ne. Hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, tana nan a kan hanyar Zariya tun kafuwarta a 1976. A 2006, da aka fara shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a firamare tare da ƙasar Japan, Kaduna tana cikin jihohi ukun da aka fara da su, ita da Neja da Filato, kuma ginshiƙin shirin shi ne yaro ya taɓa da hannunsa, malami kuma ya haɗa kayan aiki da abin da ke kusa. Ina malaman da aka horar? Ina abin da suka koyo ya maƙale? Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa a Mando. Ga Gidan Tarihi a titin Ali Akilu da kawunan yumɓu na Nok, waɗanda mutanen ƙasar nan suka gasa sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Ga Panteka, inda ake narka alminiyam a zuba tukunya a gaban idonka. Ga jirgin ƙasa yana tashi daga Rigasa tun 2016. 'Yan makarantun kuɗi ake jerawa a bas a kai irin waɗannan wurare. Namu, waɗanda wasu da ƙafa ma za su iya isa, ba mai kai su. Kuma su ne fa masu ƙera motar kara da ta gwangwani har da sitiyari mai juyawa, ba wanda ya koya musu. (Na ce su, amma maza nake nufi. Mata a lokacin suna shara ko goyon ƙani, kuma wannan ma abin dubawa ne.)

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A fitar da umarni a rubuce cewa daga ajin share fage zuwa aji uku, aƙalla darasin kimiyya ɗaya a mako ya zama na taɓawa da gwadawa, a cikin aji ko a waje. A kuma sa wannan a takardar da jami'an duba makarantu suke cikewa, su riƙa tambayar yaran da kansu: me kuka gwada a makon nan, me kuka gani? In ba a sa shi a takardarsu ba, umarnin a durowar hedimasta zai tsufa.

A haɗa ɗan ƙaramin littafin malami, da Hausa da Turanci da sauran harsunan jiha da za a iya, mai ɗauke da gwaje-gwajen da kayansu suke a madafa da kasuwa da bayan aji, a tsara shi bisa lokutan shekara: na hunturu, na bazara, na damina, na kaka. Masu rubutawa suna nan, a NTI, da Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Amma a zaunar da malaman aji ɗaya da biyu a teburin, don su suka san abin da zai yiwu da yara tamanin a ɗaki ɗaya.

A dawo da horo irin na SMASE ga malaman ƙananan azuzuwa, a yi shi a cikin makarantunsu da yara na gaske, ba a ɗakin taron otal ba. A koya musu cewa “ban sani ba, mu bincika tare” amsa ce ta malami. A kuma daina al'adar kai gwanayen malamai aji shida saboda jarrabawa, a bar wa 'yan aji ɗaya wanda ya rage.

A hana dukan yaro ko kunyata shi saboda tambaya ko saboda abin da ya tsinto don ya nuna. A ware minti goma a mako na tambayoyin yara, ko da a ranar Juma'a ne kafin tashi.

Game da kuɗi, ba mu nemi akwatunan kimiyya na kwangila ba, irin waɗanda a zamanin aikina na ga sun tsufa a kulle don tsoron kada a ce wani abu ya ɓata. A ba kowace makaranta ɗan abin da zai sayi gilashin ƙara girma, da maganaɗisu, da ma'aunin zafi, da batir da waya, ta hannun kwamitin kula da makaranta, a manna lissafin a bango iyaye su gani. A kuma tsare filayen makarantu daga masu yanka shaguna, a ba kowane aji kunya biyu ya shuka wake da masara ya riƙa aunawa.

A ba shugabannin makarantu izini da tsari na fita da yara wuraren da ke kusa da su sau ɗaya a zango, da kuma gayyato masu sana'a cikin aji: mai ginin tukwane, maƙeri, mai gyaran sola, mai awara ta nuna yadda ruwan tsami yake tsinka madarar waken suya. Gidan rediyon jiha kuma ya ba da ko da minti goma sha biyar a mako, yara su aiko da tambaya, masani ya amsa da harshen da za su ji, don iyaye mata da ke gida su ma su saurara.

Namu ɓangaren mun ɗauka. Za mu kawo gwangwanaye da kwalabe da iri da tsofaffin randuna, waɗanda suke da sana'a a cikinmu sun yarda su shiga aji kyauta in an kira su, ni da wasu tsofaffin malamai kuma a shirye muke mu zauna da matasan malamai ba tare da an biya mu ba. Muna roƙon ku zaɓi makaranta ɗaya a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 a fara da ita a zango mai zuwa, ku sanar da sunayensu a rediyo don mu san inda za mu je mu gani. Muna kuma gayyatarku ku shigo ajin 'yan aji biyu a kowace makarantar unguwanninmu, ba jiniya ba sanarwa, ku zauna a bencin baya har a gama darasin kimiyya.

Muna sauraron amsarku. Allah ya ƙara muku lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar firamare, a madadin wasu iyaye da kakanni,
Tudun Wada, Kaduna.